Kasa a Bakin Tabarmar Inna Uwani

Matarsa Shafa'atu ce ta aike shi. Watan haihuwarta ya kama, ta ce ba za ta haihu a Tsafe babu uwarta a kusa ba, ko da yake uwar ta daɗe da daina jin abin da ake faɗa. Labbo ya rufe rumfarsa ta yadi, ya shiga mota zuwa Gusau, ya sake wata zuwa Bungudu, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da shi Kekun Waje, ya sauke shi ƙofar gidan surukansa rana ta take.

Kaka ce. Garin ya ƙaura gona, har karnuka. Bawa kaɗai ya iske a zaure, ƙanin Shafa'atu, yana durƙushe gaban babur ɗinsa hannu duk baƙin mai.

"A'a, Alhajin yadi! Kai ne da ƙafarka?"

"Da ta wa zan zo? Kai dai har yanzu kana nan kana jinyar wannan ƙarfen."

"Ƙarfen ga ya fi ka lafiya. Dubi tumbi don Allah. Yayata na ƙoƙari, ita da ciki, kai da ciki."

Suka gaisa sosai bayan nan, aka tambayi gajiya da hanya da mutanen gida. Labbo ya faɗi abin da ya kawo shi. Bawa ya goge hannu da tsumma ya ce Inna na ciki ta ɗan kwanta, shi kuma bari ya je gona ya ɗauko matarsa Husna ta zo ta haɗa mata kaya.

"Shiga ciki ka zauna inuwa, zauren ga gashi yake. Amma kada ka tashe ta. Tun da kunnenta ya mutu, in ka taɓa ta tana barci zabura take kamar an sa mata garwashi. Ni nan ta taɓa harba da ƙafa, sai da na kwana biyu ina ɗingishi."

"Ni zan taɓa ta? Kana da hankali kuwa?"

"Ah to, na manta. Suruki mai ladabi."

Babur ya tashi da ƙyar, ya yi tari, ya tafi.

Labbo ya cire takalmi a bakin zaure, ya yi sallama ga gidan da ba mai amsawa, ya shiga. Dogonyaro ne a tsakar gidan, inuwarsa dabbare-dabbare. A gindinsa an jibge harawar gyaɗa, tana jiran a ɗora ta kan rumfa. Kusa da tulin harawar an shimfiɗa tsohuwar tabarmar kaba, Inna Uwani na kwance a kai ta gefen dama, ta ba ƙofa baya, ta lulluɓa tun daga ka har ƙwauri. Ya gane atamfar. Shi ya kawo mata da Sallah, bayan ta shekara a rumfarsa ba wanda ya ko taya: ruwan ƙasa da zanen ganye rawaya-rawaya, irin yadin da ake ba suruka ana cewa ya dace da manya.

Ya tsuguna nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai. Ba don ta gan shi ba. Jikinsa ne ya saba. Tun ranar da aka ɗaura masa aure da Shafa'atu bai taɓa duban fuskar matar nan ba, bai taɓa ambaton sunanta ba, ko ƙwarya bai taɓa miƙa mata hannu da hannu ba. Da za a jera masa tsofaffi a kasuwa a ce ya nuna surukarsa, ƙafafu zai bi yana dubawa. Ƙafafunta ya sani: ƙanana, da kaushi a duga-dugai, da tsohon lalle a farce. Mutane na yabonsa a kan wannan. Ba su da aiki.

Don haka ƙafafun yake kallo, da silifas ɗinta da ta ajiye a bakin tabarma, lokacin da wani ganyen harawa ya fito da harshe.

Bai gane ba da farko. Ya ga dai abu baƙi siriri ya leƙo ya koma. Sai idonsa ya bi bayan harshen, ya sami kai, faffaɗa kamar bakin fartanya, kwance a ƙasa tsakanin silifas da tulin harawa. Bayan kan kuma jiki, kauri kamar damtsen ƙato, da zane ruwan ƙasa da rawaya, ya shige cikin ganye har ba a sanin inda maciji ya ƙare, inda harawa ta fara.

Kasa ce. Tsakanin bakinta da dugadugin Inna bai fi taƙi ɗaya ba.

Labbo ɗan kasuwa ne, bai taɓa kashe abin da ya fi kunama ba. Amma a ƙauye aka haife shi, ya kuma san abin da ake koya wa kowa tun yana ƙarami: wanda ya fara ganin maciji a gida, shi ke riƙe shi da ido har masu sanda su zo. Ba a juyawa, ba a zuwa neman komai. In ka ɗauke ido ya shige wani wuri, gidan ya zama nasa. Ya kuma san kasa. Ba ta gudu, ba ta bin mutum. Tana iya yini wuri ɗaya kamar gungume. Sai an motsa kusa da ita, sannan kafin ka ce wayyo ta gama.

Ya yi tunanin ihu. Wa zai ji? Inna ba za ta ji ba, kuma gara haka. Ya yi tunanin jifar macijin da takalmi, ya tuna takalmin na zaure, ya kuma tuna in ya jefa ya ɓata mata rai, ƙafar da ta fi kusa ita za ta biya. Ya yi tunanin tashin Inna. Ta zabura, ta harba ƙafa. Ya bar wannan tunanin inda ya same shi.

Saura jira. Ya kafa ido a tsakiyar kan macijin, ya daina motsi.

Inna na gefen hagunsa. Yana ganinta da wutsiyar ido, kamar dai yadda ya saba ganinta: tudu mai tsawo a kan tabarma, yana ɗan hawa yana sauka. A gefen dama, can a fili inda aka share ƙasa tas, butarta ce ta roba, shuɗiya. Zufa ta fara bin bayansa. Ya hana kansa ƙiftawa, don gani yake in ya ƙifta zai buɗe ido ya tarar an gama.

Sai Inna ta fara tafiya.

Ba tashi ta yi ba. Gefen zanenta ne ya fara narkewa cikin tabarma, kamar gishiri a ruwa. Kafaɗa ta bi. Tudun ya lafa, ya lafa, har saƙar kabar ta miƙe ta ratsa wurin da take kwance, da dabbaren inuwa a kai, da ganyen harawa a gefe. Babu rami, babu duhu, babu alamar an cire wani abu. Tabarma ce kawai, shimfiɗe, ba kowa a kai. Butar kuwa tana nan a dama, shuɗiya, ko gezau.

Ya juya ido.

Tana nan. Kwance yadda take, lulluɓe, tana numfashi.

Ya mayar da ido wurin macijin. Babu maciji.

Ganye. Ganye da kara da ƙasa da silifas. Ya bi wurin da ido sama da ƙasa. Kowane ganye ya zama kai, kowane kara ya zama wutsiya. Ya fara karanto duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa. Ko ta matsa? Ko ta shiga ƙarƙashin zanen? Yana shirin miƙewa, bai ma san abin da zai yi in ya miƙe ba, sai harshen ya sake fitowa. Tana nan daidai inda ya bar ta. Ko tsawon ƙwayar gero ba ta gusa ba. Idonsa ya ratsa ta kanta ya fi a ƙirga bai gan ta ba.

Ya riƙe ta. Ya yi wa kansa alkawarin ko gidan zai kama da wuta ba zai sake sakinta ba.

Ba a jima ba Inna ta sake narkewa. Wannan karon ya bar ta ta tafi, yana kallon tafiyar daga gefe. Tulin harawar ma ya baje ya zama abu ɗaya shimfiɗaɗɗe. Gindin dogonyaro ya bi. Butar ce ta ƙi, ita da ke zaune ita kaɗai a farar ƙasa. Sai can ta ɗan dusashe, ta dawo. Da idonsa ya cika da ruwa ya ƙifta dole, komai ya dawo wurinsa lokaci ɗaya, Inna da tudunta, sannan a hankali aka sake kwashe ta.

Masu duba ido sun san wannan, sun rubuta shi a littattafansu tun kafin a haifi kakan Labbo. Ido ba ya son abin da ba ya motsi. In ka kafa shi wuri ɗaya, abin da ke gefe yakan gundure shi, ya share shi, ya cike gurbin da abin da ke kewaye, ba tare da ya nemi izininka ba. Abin da ya yi kama da maƙwabtansa shi ake fara sharewa. Labbo bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya dai lura da abu guda, lokacin da ƙuda ya sauka a kafaɗar Inna ta ɗan girgiza: nan take ta bayyana, cif, ta sake lafawa da ta natsu. Wato motsi ke dawo da ita. Muddin ba ya ganinta, ba ta motsa ba. Muddin tabarmar nan babu kowa a kai, Inna na lafiya.

Ya tsuguna yana roƙon Allah kada ya ga surukarsa.

Inuwa dai ba ta tsaya jiransa ba. Rana ta karkata, hasken ya ci silifas, ya fara lasar bakin tabarma. Wannan a gaban idonsa yake, ba ya ɓacewa. In ya kai ƙafafun, zafi zai sa ta janye su ko ta miƙe su, kuma ba wanda ya isa ya ce wanne. Ko da bai kai ba, azahar ta kusa, tsohuwa irin Inna kuwa ba ta buƙatar ladan. Tana farkawa abin da take fara yi shi ne laluben silifas da ƙafa.

Ya zura hannu aljihu a hankali. Ƙaramar wayarsa ce mai maɓalli, ya san ta da yatsa. Ba zai iya neman lambar Bawa ba sai ya duba. Ya danna maɓallin kira sau biyu, wayar ta kira wanda ya kira ƙarshe, ya ɗora ta a kunne.

"Ka isa ke nan sai yanzu ka tuna da ni?" in ji Shafa'atu. "Ya Inna? Ka ba ta maganin ƙafar? Kada ka bari ta ɗauko wannan tsohuwar fantekar, ina da fanteka."

"Shafa'atu."

"Kuma ka ce wa Husna daddawar da ta yi mini alkawari..."

"Saurara. Kira Bawa. Ki ce ya dawo yanzu-yanzu. Ya zo da gora. Ya kashe babur tun daga waje, ya shigo a hankali."

Shafa'atu mace ce mai katse maka magana, mai kuma jin abin da ba ka faɗa ba.

"Malam, me ya sa kake raɗa?"

"Inna na barci."

"Inna ko ganga ka buga ba ta ji. Me ya faru? Gora ta mece ce?"

"Akuya ce ta shigo tana cin harawa."

"Akuya. Kai da girmanka ka kasa korar akuya sai an kira maka Bawa daga gona."

"Ki kira shi, don girman Allah."

"Maciji ne," ta ce, muryarta ta sauka. "Ina yake? Ina Inna?"

"Ina kallonsa. Ba abin da ya same ta. Ki kira shi, kada ki sake kira na."

Ya kashe, ya bar wayar ta zame cikin aljihu. Ƙafar hagu ta daina zama tasa. Hasken rana ya hau kan tabarma, ya taɓa babban yatsan Inna. Kasar ta fito da harshe, ta mayar. Idonta ƙarami, ba fushi a ciki, ba komai a ciki. Tun yana ganin jikinta har ya daina. Kan kawai ya rage masa a duniya, yana shawagi a tsakiyar wani fili ruwan ƙasa marar iyaka.

Can ya ji babur daga nesa, ya ji ya mutu. Sai takun ƙafa ba takalmi. Numfashin Bawa ya tsaya a bayan kunnensa, da warin zufa da ƙasar gona.

"Ina take?"

"Gaban silifas. Ta wajen harawa."

"Ban ga komi ba."

"Tana nan."

"Alhaji, ko dai rana ta buge ka? Mutumin rumfa..."

"Bi hannuna." Labbo ya ɗaga hannu a hankali ya miƙa yatsa. "Silifas na dama. Bi igiyarsa. Ka ga karan da ya karye? Ƙarƙashinsa. Jira harshen."

Suka jira. Yatsan Inna ya ɗan lanƙwashe cikin rana, ya saki.

"Innalillahi," in ji Bawa. Wasa ya fita daga muryarsa gaba ɗaya. "Wagga ai uwarsu ce."

"Buge ta."

"Ba a bugun kasa ƙafar mutum na bakinta. In na kuskure kai, ko na same ta a baya, Inna za ta sara. Sai an janye Inna lokacin da nike saukar da gora. Tare. Ba gaba ba, ba baya ba."

"To ba ni gorar, kai ka janye ta."

"Ka taɓa kashe maciji?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gani. Zagaya ta wajen kanta. Ka sa hannu ƙarƙashin hammatarta, in na ce yanzu, ka fizge ta baya iya ƙarfinka. Ba ta da nauyi, kamar kaza take."

"Hammatarta."

"Awo, hammatarta. Ko kana da wani wurin kamawa?"

"Bawa, Inna ce fa."

"Na san ko wace ce, ita ta haife ni. Tashi. Rana ta kai ƙafa."

"Ka riƙe ta da ido? In ka duba wani wuri ɓace maka za ta yi. Na gwada."

"Na riƙe."

"Ka tabbata?"

"Labbo, na riƙe. Saki."

Ya saki. Ɗauke idon ya yi masa wuya kamar ɓanɓare filasta daga gyambo. Tsakar gidan ta dawo masa da ƙarfi, danga da rumbu da turmi da kaji, haske ya soke shi. Ya miƙe da hannu a ƙasa, ƙafar da ta mutu na tsira masa allurai, ya zagaya nesa da tulin harawa yana ɗora tafin ƙafa kamar mai tafiya kan ƙwai, har ya iso wajen kan tabarmar. Bawa ya matsa gaba kaɗan-kaɗan, ya ɗaga gorar da hannu biyu.

Labbo ya sunkuya. Lulluɓin ya zame daga fuskarta. Ya gan ta kafin ya tuna bai kamata ba. Fuska ce ƙarama, baki a ɗan buɗe, da tsaga biyu-biyu da suka kusa shafewa a kumatu. Hancin Shafa'atu ne sak. Wuyan rigarta ya sauka, ƙashin kafaɗa a waje. Nan zai sa hannu. Ya miƙa hannayen, suka tsaya a iska. Ya sake turawa, suka ƙi.

Sai ya ga bakin tabarmar a gaban yatsun ƙafarsa, da dajiyarta mai kauri, daidai kamu. Ai duk ɗaya ne. In ya ja tabarma, ta zo da wadda ke kai. Ya fi sauri ma. Ya duba can ƙarshen tabarmar, ya ga ƙafafu, ya ga silifas, ya ga ganye. Ya daɗe tsugune a gaban macijin nan har ƙafarsa ta mutu, ya san kan macijin kamar yadda ya san tafin hannunsa. Bai san inda sauran jikin ya kwanta ba. Ido ya share masa shi tun tuni, ya shimfiɗa masa saƙar kaba a wurin.

Ya kama tabarmar da hannu biyu.

"Ka shirya?" in ji Bawa, bai juyo ba.

"Na shirya."

"Yanzu!"

Labbo ya fizga. Tabarmar ta taho, Inna ta taho, kasar ma ta taho, don rabin jikinta na baya a kan tabarmar yake, miƙe a gefen zanen. Gorar Bawa ta sauka a ƙasa inda kan yake ɗazu, ƙura ta tashi, silifas ya yi sama. Macijin ya kumbura ya saki huci kamar an huda taya. Inna ta farka cikin tafiya, ta ƙwalla ƙara, ta harba ƙafa.

Bai san lokacin da ya saki tabarmar ba. Ya dai ji ta a ƙirjinsa, hannayensa a ƙarƙashin hammatarta, yana ja da baya yana tuntuɓe, duga-duganta na jan ƙasa, har bayansa ya bugi rumbu suka zube tare. Tana dukansa da gwiwar hannu tana salati. Can gaba Bawa na saukar da gora yana ɗagawa, yana saukarwa, yana zagin macijin da uwarsa da ubansa, har abin ya daina nannaɗewa.

Inna ta juyo ta ga wanda ke riƙe da ita. Ta daina dukan. Ta jawo lulluɓi ta rufe fuska.

Bawa ya yar da gorar ya durƙusa ya kama ƙafarta. Ya ɗaga ta dama, ba komai. Ya ɗaga ta hagu. A gefen dugadugi, inda kaushi ya fi kauri, akwai ɗigon jini guda, da ɗan karce a kusa da shi.

"Ta same ta?" in ji Labbo.

"Haƙori ɗaya."

"Ko kara ne? Da na ja ta, ƙafar ta bi ƙasa..."

"Ba kara ba ne." Bawa ya ɗago ya dube shi. "Hammata na ce maka. Mi ya kai ka ga tabarma?"



Husna ta shigo da gudu, maƙwabta biyu a bayanta. Ɗaya ya ce a tsaga wurin, ɗaya ya ce a ɗaure ƙafa tam da igiya, ya san wani mai magani a bayan gari. Bawa ya ce ba mai taɓa ta da aska, Gusau za su. Aka turo babur. Bawa ya hau gaba, aka ɗora Inna a tsakiya, aka juyo ana neman wanda zai riƙe ta. Husna na da goyo. Labbo ya hau baya ba takalmi, ya zagaya hannu ya riƙe surukarsa a kugu, ɗaya hannun ya tallafe ƙafar don kada ta yi lilo.

A Bungudu suka sami mota. Kafin su shiga Gusau dugadugin ya tasa, ya yi sheƙi, Inna na cije leɓe. Wayar Labbo na ta kuka a aljihu, bai ɗauka ba. Ba shi da abin da zai faɗa tukuna.

A asibiti aka kwantar da ita, aka ɗebi jini, aka ɗaura mata ruwa da maganin dafi a ciki. Wata nas mai suna Hanatu ta zana layi da biro a daidai inda kumburin ya tsaya, ƙasa da idon sawu kaɗan.

"Ku sa ido a nan," ta ce. "In ya haye layin nan ku kira ni da sauri. Wane ne ɗanta?"

"Ni ne," in ji Bawa. "Amma ba surukinta aikin. Ya iya kallo. Kallon kaɗai ya iya."

Labbo ya ja benci ya zauna a ƙarshen gadon. Bai kafa ido ba wannan karon. Ya duba layin, ya duba bango, ya duba ledar ruwan, ya dawo kan layin. Aka kira la'asar, Bawa ya je ya dawo, shi ma ya je ya dawo da sauri a silifas ɗin aro. Kumburin ya matso ya taɓa layin biron. Ya zauna a kai. Labbo ya daina jin hayaniyar ɗakin.

Rana ta yi ja a taga lokacin da Hanatu ta dawo. Ta latsa ƙafar, ta duba dasashin Inna, ta duba layin ta daɗe.

"Ya tsaya," ta ce. "Dafin da ya shiga kaɗan ne, kaushin nan ya taimake ta. Za ta kwana biyu a nan muna dubawa, amma ƙafa tata ce."

Bawa ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya rufe fuska da hula. Labbo ya fito da waya, ya kira Shafa'atu.

Inna ta yafito Bawa. Tun a mota ya kwatanta mata abin da ya faru da hannu, yadda suka saba: maciji, gora, jan tabarma. Ta juya fuska wajen bango, don ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye. Gani take raɗa take yi. Har masu jinya na gadon ƙarshe sai da suka juyo.

"Ka ce wa mijin Shafa'atu na gode," ta ce. "Ka kuma ce masa, gobe in ya iske wuta ta kama ni, ya bar tabarma ta ƙone. Ni zai ɗauka."